Yadda ake zaɓar regilatar na sola tsakanin PWM da MPPT, da yadda ake ɗaura shi a ƙasar zafi irin Tawa

Regilatar shi ne ɗan akwatin nan da ke tsakanin fano, wato farantin sola, da batir. Shi ke karɓar kuran daga fano, ya zuba wa batir daidai cikinsa, ya tsaya idan ya cika. Iri biyu ne a kasuwa, PWM da MPPT. Mai shago zai ce maka MPPT ya fi da kashi 30 cikin ɗari, ka ƙara kuɗi ka huta. Maganar ta yi daidai a wani haɗin, a wani kuma asarar kuɗi ce, domin zafin Adar yana cinye galibin ribar. Abin da ke raba gardama shi ne tazarar da ke tsakanin bolt na fanonka da bolt na batirinka. Wannan tazarar za mu bi.

Kayan aiki

Multimetir mai gwada bolt na DC, wato kuran irin na fano da batir, wanda ba a fara aikin sai da shi. Mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ta karanta ampar, amma ka tabbatar tana karanta DC, don masu arha da yawa kuran irin na kamfanin lantarki Nigelec kawai suke gani. Turnabis, awartaki, abin fiƙe waya, da kawunan jan ƙarfe da ake matse wa bakin waya. Wayar sola mai milimita 4 ko 6 daga fano, da mai 10 ko 16 tsakanin regilatar da batir. Fizibil ɗaya na gefen batir, wato abin da ke tsinkewa in ampar ya yi yawa, da disjonktar na DC ɗaya na gefen fano, wato makunnin tsaro mai yanke layi. Sai takarda da biro, da hoton takardar da ke manne a bayan fano, ka ɗauke shi da salula tun fano bai hau rufi ba.

In babu mita mai baki, allon regilatar zai wadatar, ko da yake na masu arha yakan yi ƙarin gishiri. Kada dai ka cusa ƙaramin multimetir cikin layin babban fano don gwada ampar: yawancinsu iyakarsu ampar 10, fano na wat 550 kuwa yana ba da wajen 13.

1. Lissafa abin da gidan ke ci

Ka ninka wat na kowane abu da awoyin da yake yi a kunne. Misali: ampul 6 masu wat 7 na awa 5 sun ci 210, tele mai wat 50 na awa 5, 250, bantilatar 2 masu wat 40 na awa 8, 640, cajin salula, 50. Jimla 1,150 a yini. Raba da 5, wato awoyin rana mai ƙarfi da ake dogara da su a nan ko da hazo, sannan ka sake rabawa da 0.7 saboda asarar zafi da ƙura da waya. Ya ba da wat 330, sai ka nemi fano na wajen 400. Batir mai ruwa ko jel ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka gidan nan yana son ampar-awa 200 a kan bolt 12.

Idan lissafin fano ya haura wat 500, ko akwai firigo, ka koma bolt 24 tun yanzu. Ampar zai ragu da rabi, waya da regilatar su yi sauƙi.

2. Karanta takardar bayan fano

Lambobi huɗu kake nema. Voc shi ne bolt ɗin fano idan ba a haɗa shi da komai ba. Vmp shi ne bolt ɗin da yake ba da ƙarfinsa duka. Isc shi ne ampar mafi yawa da zai iya fitarwa, Imp kuma ampar ɗinsa a lokacin cikakken aiki.

Kusan duk fanon da za ka tarar a kasuwar Tawa, ko a Katako in ka sauka Yamai, yana cikin gida uku. Akwai ƙanana na wat 50 zuwa 200 masu Vmp wajen 18 da Voc wajen 22, su ake kira na bolt 12. Akwai matsakaita masu Vmp 30 zuwa 32 da Voc 37 zuwa 40, waɗanda asali an ƙera su ne don manyan tashoshi da gidaje masu haɗi da layin kamfani. Sai manya masu Vmp 36 zuwa 42 da Voc 44 zuwa 50. Na tsakiyar nan su suka fi jefa mutane cikin asara, za mu zo kansu.

Duk waɗannan lambobin an gwada su ne fano yana kan digiri 25. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta take haura 42, gilashin da ke kan kwano da azahar yana kai 65 zuwa 70. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, Vmp yana sauka da wajen kashi 0.4 cikin ɗari. Ampar kuwa kusan ba ya motsi.

3. Gane abin da kowanne ke yi da kuran

PWM makunni ne kawai mai saurin buɗewa da rufewa. Idan batir yana jin yunwa, sai ya haɗa shi da fano kai tsaye, batir ya jawo bolt na fano ƙasa zuwa nasa. Ampar ɗin da fano ya bayar shi ke shiga batir, ba ƙari. Bolt ɗin da ya yi saura a sama ya tafi a banza.

MPPT yana barin fano ya tsaya a kan Vmp ɗinsa, ya karɓi wutar a sama, ya sauke ta zuwa bolt na batir, rarar bolt ɗin ta koma ampar. Kamar ɗan canji ne a Ƙonni: ka ba shi naira ya ba ka sefa, ƙimar kuɗinka na nan, ya cire ɗan ladansa. Ladan MPPT kashi 3 zuwa 6 ne cikin ɗari.

To, ga fano na wat 150, Vmp 18, Imp 8.3, a kan batir da ke bolt 13.5. A digiri 25, PWM zai shigar da ampar wajen 8.5, wato wat 115. MPPT zai shigar da wat 144. Nan ne maganar mai shago ta samo asali. Amma ɗora fanon nan kan rufi a bazara, ya kai digiri 65: Vmp ya sauko wajen 15, ƙarfinsa duka ya koma wat 126. MPPT ya cire ladansa, saura 121. PWM yana nan kan 115 ɗinsa, don shi dama ba ya amfani da rarar da zafi ya cinye. Bambancin ya koma wat 6. Kuɗin MPPT na gaskiya kuwa ya ninka na PWM sau da yawa. Da rarar kuɗin nan gara ka ƙara fano guda. A watannin ɗari, Disamba da Janairu, MPPT yakan ɗan ja gaba, amma a lokacin bantilatar a kashe take, buƙatar ma ta ragu.

Yanzu canza fano. Ɗauki na wat 300, Vmp 32, Imp 9.4, ka haɗa shi da batir na bolt 12 ta PWM. Ampar wajen 9.8 sau 13.5, wat 132 ke nan. Ka biya kuɗin 300 kana shan ƙasa da rabi, kuma babu abin da zai ƙone balle ka gane, sai dai batir ya riƙa mutuwa da ƙarfe biyun dare a yi ta zagin wanda ya sayar da shi. Sa MPPT a wurin, ko cikin zafi za ka ga ampar 17 zuwa 18 suna shiga.

Wani zai ce to ya haɗa fanon nan mai Vmp 32 da batir na bolt 24 ta PWM. Da safe zai yi kamar ya yi. Da azahar Vmp ya sauko 27, batir na 24 kuwa yana son 28.8 kafin ya cika, sai ampar ya faɗi daidai lokacin da ake son ƙarasa caji. Batir mai ruwa da ba ya cika kullum, farin gishiri ke kama farantansa, cikinsa ya riƙa raguwa. Wanda ya dace da 24 ta PWM shi ne fano mai Vmp 36 zuwa 38, ko ƙanana biyu na 18 a haɗin seri, wato jan wannan cikin baƙin wancan don bolt ɗinsu ya taru.

4. Yanke shawara

Ka tsaya kan PWM idan fanonka na Vmp 18 ne a kan batir 12, ko na 36 a kan 24, jimlar wat ba ta wuce 300 zuwa 400 ba, kuma waya daga rufi ba ta fi mita 5 ko 6 ba. Shago, ɗakin cajin salula, masallacin unguwa mai ampul da lasifika, duk wannan ya ishe su.

Ka sayi MPPT idan Vmp ya fi 30 a kan batir 12, idan fano ya haura wat 400, idan fano yana nesa da ɗakin batir, ko rufin ya yi ƙaranci ba wurin ƙari. A yau manyan fano sun fi ƙanana arha idan aka raba kuɗin da wat, shi ya sa gidan da muka lissafa a sama yake da hanya biyu: fano uku na wat 150 da PWM, ko da yake sun ɗan haura iyakar wat 400 ɗin nan, ko guda ɗaya na wat 400 da MPPT. Ka tambayi kuɗin duka biyun har da waya da ƙarfen ɗaurawa. Sau da yawa na biyun ne ke cin nasara, kuma aikinsa ya fi tsabta.

Maganar nisa tana da lissafinta. Bolt ɗin da ke ɓacewa a wayar jan ƙarfe shi ne: 2 sau tsawon waya, sau ampar, sau 0.0175, a raba da kaurin waya. Fano biyu na wat 150 a haɗin faralel, wato ja da ja, baƙi da baƙi, suna turo ampar 17. A mita 10 na waya mai milimita 4, bolt 1.5 ya tafi, kuma mun ga cikin zafi rarar da ke akwai ba ta fi haka ba. Haɗa su seri, jan wannan cikin baƙin wancan, ka sa MPPT: ampar ya koma 8.3, bolt ya koma 36, asarar ta zama 0.7, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari da ake so.

5. Fitar da girman regilatar

Na PWM: Isc sau yawan layukan faralel, sau 1.25. Fano uku masu Isc 8.9 sun ba da 33.4, sai ka sayi na ampar 40. Wannan 1.25 ɗin kada ka yafe shi. A damina, idan rana ta ɓullo ta gefen farin girgije, fano yakan zarce abin da aka rubuta masa. Idan layukan faralel sun kai uku, kowanne a sa masa fizibil ɗinsa, girman yana rubuce a bayan fano.

Na MPPT lambobi biyu ne. Ampar ɗin da aka rubuta na gefen batir ne, ba na fano ba: raba wat na fano da bolt na caji. 400 a raba da 13.5 ya ba da kusan 30. In fano ya ɗan fi ƙarfinsa, MPPT mai kyau yana yanke rarar ne kawai, ba ya lalacewa. Lamba ta biyu ita ce ba ta yafiya, wato iyakar bolt da yake karɓa daga fano. Kamfanin Victron suna sa ta cikin sunan regilatar ɗinsu: 100/30 yana nufin bolt 100, ampar 30. Epever Tracer 3210AN shi ma ampar 30 ne da bolt 100, yana ɗaukar wat 390 a kan batir 12 ko 780 a kan 24. Ka tara Voc na duk fanon da ke seri, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda sanyin asubar hunturu da ke ɗaga bolt. Manya biyu masu Voc 49.5 sun ba da 99, da ƙarin sun kai 109. Na bolt 100 zai ƙone wata safiya, kuma garanti ba ya biyan wannan. A nan na 150 ake saya.

Ta ƙasa ma akwai iyaka. Na Victron ba ya tashi sai fano ya fi batir da bolt 5. Ƙaramin fano guda mai zafi a kan batir 12 yana bakin gaɓa, shi ya sa ake haɗa biyu seri.

Ka duba batirin shi ma. Mai ruwa da jel suna son caji na kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na cikinsu, wato ampar 20 zuwa 40 ga na 200. Ampar 30 a kan batir na 100 dafa shi zai yi.

6. Raba MPPT na gaskiya da jabu

Akwai ƙananan akwatunan roba masu ramin USB, an buga musu MPPT da ampar 60 ko 100 a goshi, ana sayar da su kuɗin PWM. PWM ne. Na gaskiya yana da babban naɗin wayar jan ƙarfe a ciki da haƙarƙarin alminiyom a baya, na ampar 30 ya haura kilo ɗaya a hannu, kuma ramukan wayarsa suna karɓar mai milimita 10 ko 16. Idan ba a rubuta iyakar bolt na fano ba, ko an rubuta 25 ga batir 12, ajiye shi.

Gwajin da ba ya ƙarya ana yin shi da hantsi, batir bai cika ba. Kunna kaya don ya riƙa ja. Gwada bolt a ramukan fano, sannan a ramukan batir. Da fano mai Vmp 32, MPPT zai nuna 27 zuwa 31 a gefe ɗaya, 13 da ɗori a ɗayan, kuma ampar da ke fita ya fi wanda ke shiga. In bolt ɗin biyu sun zo kusan ɗaya, an sayar maka da PWM. Kada ka yi gwajin batir yana cike, don a lokacin PWM yana yanke layi, mita ta nuna bolt mai yawa ta ruɗe ka. Ka yi sharaɗi da mai shago tun wajen ciniki cewa in ya faɗi gwajin za ka maido.

7. Ɗaurawa

Wurin ya zama inuwa mai iska, a tsaye jikin bango, da tazarar santimita 15 sama da ƙasa. Ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba, ba cikin akwati rufaffe ba: MPPT idan ya yi zafi da kansa yake rage ampar. Kusa da batir, mita ɗaya zuwa biyu, amma ba daidai saman mai ruwa ba, don tururin asid yana cin cikinsa.

Batir ake fara haɗawa, kullum. Daga shi regilatar ke gane ko 12 ne ko 24. Sa fizibil a wayar ja dab da kan batir, na ampar 40 ga regilatar na 30. Ka gwada batirin tukuna, domin na 24 da ya mutu ƙwarai yana iya sa regilatar ya ɗauka 12 ne. Bayan allo ya kama, sai saiti, sannan fano.

Kafin ka cusa wayoyin fano, gwada su da multimetir ka tabbatar da ja da baƙi, launin roba ba shaida ba ne. Disjonktar ɗin a kashe, ka ɗaure, sannan ka kunna. Na DC za ka sa. Na gidan kuran ba ya iya kashe tartsatsin DC, yakan narke yana ci. In ba ka samu ba, ka lulluɓe fano da bargo ko kwali duk lokacin da za ka taɓa wayar. Wajen kwancewa ana juyawa ne: fano ya fara fita, batir daga ƙarshe.

Kombatisar, wato na'urar da ke maida kuran batir irin na gida, a kan batir kai tsaye ake haɗa shi, da fizibil ɗinsa. Ramukan da ke da hoton ampul a jikin regilatar na ƙananan kayan DC ne. Kombatisar na wat 1,000 yana jan fiye da ampar 80 a kan bolt 12, nan take zai kashe su.

Wayar da ake sayarwa da arha, wata alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, in ta yi fari bar ta. Ka matse kowane sukuru da kyau, ka ja wayar ka ji, ka sake matsewa bayan mako ɗaya. Yawancin regilatar da ake kawowa da baƙin rami, sako-sakon ɗauri ne ya ƙone su.

8. Saita shi daidai da batirinka

Takardar mai batir ita ce gaba. In babu, ga abin da aka saba a kan bolt 12, a ninka biyu ga 24. Mai ruwa: cikawa 14.4 zuwa 14.8, riƙo, wato bolt ɗin da ake tsai da batir a kai bayan ya cika, 13.6 zuwa 13.8. Jel: cikawa 14.1 zuwa 14.2, riƙo 13.8. Litiyom irin LiFePO4: cikawa 14.2 zuwa 14.4, riƙo 13.5.

Akwai caji mai ƙarfi na wata-wata da ke kai batir wajen 15.5 don daidaita ɗakunansa. Na mai ruwa ne kaɗai. A kan jel yana busar da shi ya kumbura, a kan litiyom yana sa na'urar tsaron cikinsa ta yanke layi rana tsaka, abin da ke iya lalata regilatar. Kashe wannan cajin a kan jel da litiyom. Regilatar da ba ya barin ka canza lambobi kuma ba shi da zaɓin litiyom, PWM ne ko MPPT, kada ka ɗora shi kan litiyom.

Lambobin mai ruwa da jel na digiri 25 ne, ɗakunanmu kuwa sukan yi 38 zuwa 40. Batir mai zafi yana son a rage masa milibolt 18 zuwa 30 a kowane digiri, wato 14.4 ya koma wajen 14.0. Regilatar mai kyau yana yin haka da kansa idan ka manna sondarsa, wato 'yar wayar da ke jin zafi, a gefen batir. In babu sonda, ka bar su ɗaki ɗaya don na cikinsa ya ji zafin da batir ke ji, ko ka rage da hannu daga Maris zuwa Yuni. Litiyom ba a yi masa wannan ragin. Kuma ka sani kowane digiri 10 sama da 25 yana rage rabin rayuwar batir mai ruwa ko jel, don haka ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi masa shagon kwano, ko da wane regilatar ka saya.

Iyakar yankewa ta ƙasa, wato bolt ɗin da regilatar ke yanke wa kaya kuran in batir ya sauka, masu arha suna zuwa da 10.5 ko 10.7. Ɗaga ta zuwa 11.8 ko 12.0.

9. Duba aikin a makon farko

Da azahar ka ga batir ya kai bolt na cikawa, kafin la'asar ya sauka kan riƙo. In kwana uku a jere bai kai ba, ko kaya sun fi fano, ko ƙura, ko inuwar bedi ko tankin ruwa tana faɗawa kan gefe ɗaya. A haɗin seri inuwar fano guda tana ja wa duka layin. Gwada bolt a ramukan regilatar da kuma a kan batir lokacin caji mai ƙarfi: in bambancin ya wuce 0.3, wayar ta yi siriri ko tsawo, regilatar zai ɗauka batir ya cika alhali da saura. Taɓa ramukan da yatsa, wanda ya fi sauran zafi a sake ɗaure shi.

Lokacin hunturu a wanke fano duk bayan kwana uku ko huɗu, da sassafe ko bayan magariba, da ruwa da tsumma mai laushi, ba a zuba wa gilashi mai zafi ruwan sanyi. Batir mai ruwa a duba shi kowane wata a ƙara masa ruwan batir, ba na rijiya ba. In yana shanye ruwa da sauri, bolt na cikawa ya yi yawa, rage 0.2 ka sake dubawa bayan mako biyu. Kafin damina ta sauka, a haɗa ƙarfen fano da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma idan hadari mai tsawa ya taso a kashe disjonktar na fano har ya wuce.